Na Yi wa Dikko Kunya Har Ya Yi Aman Jini

Masu zuwa dubiya sun ɗauke ƙafa, shi ya sa na samu zama in rubuta. Wata biyu ke nan da aka sallamo mu daga asibiti. Duk wanda ya tambaye ni mai jiki, cewa nake da sauƙi, kuma ba ƙarya nake yi ba tunda jinin ya tsaya. Sai dai akwai maganar da ba a faɗa wa ɗan dubiya yana tsaye da ledar lemo a hannu. Ita zan faɗa a nan, ko Allah Zai sa wata uwa irina ta karanta.

Ni malamar firamare ce a Mabera, na fi shekara ashirin ina koyar da 'ya'yan mutane. Yaro ya shigo aji da zazzaɓi, tun daga bakin ƙofa nake gane shi. Nawa ɗan kuwa ya shekara yana lalacewa taku goma daga ɗakina ban gani ba. Ba makanta ba ce. Ɗan fari ne.

Wanda ya tashi a gida irin namu ba sai an yi masa bayani ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a haɗa ido da shi, balle a nuna an damu da shi a gaban mutane. Ga shi kuma sunan surukina aka sa masa, kunya ta zama biyu. Dikko ake ce masa. Wannan ɗin ma a takarda ne na iya, a baki "wancan" nake cewa, ko "yaron nan". Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi ta tafi da shi Dundaye. Ita yake kira Inna, ni kuma Malama, kamar yadda ɗalibaina suke faɗa. An sha yaba mini a kan haka. A gidan biki nuna ni ake yi, ana cewa ga mai kunya can, ko kallon ɗanta ba ta yi. Kuma Allah Ya gani, daɗi nake ji.

Inna tsohuwa ce mai baki. Da Dikko ya samu jami'a, daga gidanta yake zuwa saboda kusa ne. Babansa ya saya masa babbar waya don karatu, kuma Inna ce ta fara gane ba karatu kaɗai ake yi da ita ba. Ba ta san boko ba, amma ta san yaron da tuwo yake hucewa a gabansa. Da lokacin kwanciya ya yi sai ta miƙa hannu ta karɓe wayar, ta jefa a kwanon samira, ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado. In ya yi ƙorafi ta ce, "Maigidan, ni ba ni zama da mai kallon tahin hannunai. Ci tuwo ka kwanta." Mu muna Mabera muna jin labari muna dariya, wai rigimar tsufa ce.

Yana aji biyu Allah Ya yi mata rasuwa. Bayan addu'ar arba'in ya tattaro kayansa ya dawo wurinmu, aka ba shi ɗakin zaure. Ƙannensa mata biyu suna makarantar kwana, gidan daga ni sai Malam, mijina, sai shi. Malam ma'aikacin gwamnati ne, bayan sallar asuba kuma yana ba da karatu a masallacin unguwa. Shi ma dai ɗan farinsa ne, maganarsu ba ta wuce gaisuwa da "akwai abin da kaka buƙata?" Sannan a gidansu Malam akwai wata doka tun ta kakanni: ba a buga wa mai karatu ƙofa. Don haka da muka ga ƙofar zaure kullum a rufe, sai muka ce madalla, yaro ya gaji gida. Nakan ajiye kwanon abinci a bakin ƙofa, in yi gyaran murya, in wuce.

Da farko kwanon yakan dawo da rabi. Daga baya sai ya riƙa dawowa an ɗan taɓa gefe ɗaya. Na ce a makaranta yake ci. In ina sharar zaure nakan tarar da gwangwanayen lemon nan mai hana barci, da fankon ƙwayoyin ciwon kai na kemis, wani lokaci kati biyu a rana uku. Na ce karatu ne ya yi zafi. Na hango shi ta taga zai fita da safe, jaka a kafaɗa, yana riƙe ƙugun wando da hannu ɗaya don kada ya zame. Na kau da kai da sauri, don kada wani ya kama ni ina kallonsa. Ku ji fa abin da nake tsoro.

Sau ɗaya na yi yunƙuri. Ƙanwar Malam, Goggo Hajo, ta zo daga Minanata, na ja ta kicin na ce ta tambayi wancan ko lafiya yake. Ita goggonsa ce, tana da bakin magana. Na laɓe bayan labule ina ji.

"Kai Dikko, mi as same ka kar rame haka?"

"Lahiyata lau, Goggo. Tsaya ki gani." Ya ɗora yatsa a bayan wayar, ya ɗan jira, ya juya mata fuskarta. "Kin gani? Bugun zuciyata daidai shike. Ciwon kai na kawai, kuma na bincika, ƙarancin ruwa na a jiki."

Goggo ta dawo tana dariya ta ce, "Ke bar yaron ga, ya hi mu sani, ɗan jami'a na." Na karɓi wannan magana hannu biyu, domin ita nake son ji.

Ranar wata Talata ce cikin bazara, ana zafin nan namu na Sakkwato da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Na dawo daga makaranta na tarar da kwanon koko na safe yana nan yadda na bar shi. Na ɗora na rana a kai. Bayan la'asar na leƙo, duka biyun suna nan, ƙudaje sun taru. Sai na ji kakari daga ciki. Allah Ya yafe mini, tsayawa na yi a bakin ƙofar ina tunanin da me zan kira shi. Na yi sallama sau uku kamar baƙuwa. Sannan na tura.

Rabona da cikin ɗakin tun ranar da aka shimfiɗa masa leda. An toshe tagar da bargo, wari ya buge ni, wayoyin caji sun barbazu ko'ina. Yana kwance a ƙasa gefen katifa, ya yi amai baƙi-baƙi kamar ƙanzon tukunya da aka jiƙa, da jan jini a ciki. Wayar tana kan katifa tana ta aiki, wasu mutane a ciki suna ƙyalƙyala dariya. Na ɗago kansa, na ji babu nauyi. Ihun da na yi shi ya fito da maƙwabcinmu, ya sa mu a mota zuwa asibiti.

Makon farko ba na iya tuna shi a jere. Na tuna layin yankar kati, da mai rubutu yana tambaya, "Sunan mara lafiya?" Harshena ya ƙi motsi. Na laluba aljihun Dikko na ciro katinsa na makaranta na miƙa, mutumin ya dube ni kamar mai taɓin hankali. Gado bai samu ba sai washegari, a kan benci aka ɗaura masa ruwa, Malam yana riƙe da ledar a sama. Komai sai an rubuto an ce a sayo, har safar hannu.

Likitar da ta duba shi yarinya ce, ba za ta girmi Dikko da yawa ba. Ta zaunar da ni ta fara tambaya. Tun yaushe bayan gidansa ya koma baƙi? Ban sani ba. Sau nawa yake cin abinci a rana? Ban sani ba. Awa nawa yake barci? Wane magani yake sha, tun yaushe? Ya taɓa cewa cikinsa yana ciwo? Duk ban sani ba. Ta ajiye biro ta dube ni.

"Mama, ba gida ɗaya kuke ba?"

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, tambaya ce kawai. Amma har yau in ina wanke-wanke sai in ji ta a kunnena, in rasa inda zan sa kaina.

Ta ce gyambon ciki ne yake zubar da jini. Rashin barci da kallon waya suna kawo masa ciwon kai, shi kuma yana ta zuba ƙwayoyi da lemon gwangwani a cikin da babu abinci, har suka cinye bangon cikin. Jininsa ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara masa leda uku. A nan dole in gode. Magidantan da suke ɗaukar karatu wurin Malam suka zo suka yi layin ba da jini, har da mai gyaran babur da ya rufe shagonsa ya zo da baƙin mai a hannu. Akwai kuma wata dattijuwar nas da take tsayawa ta yi masa fifita da fayil in an ɗauke wuta. Ban san sunanta ba, Allah Ya san ta. Kuɗin gwaji da magani kuwa, geron da Inna ta bari a rumbu a Dundaye aka fitar aka sayar.

Dangi sun so in koma gida Goggo Hajo ta zauna da shi. Wata yayar Malam ta ja ni gefe ta ce, "Ke, mi kika yi nan? Uwa ba ta jinyar ɗan hwari, kina son a yi da mu?" Na ce a yi. Ni na riƙa goge masa baki, ni na riƙa zubar da tasa. A makon nan na san ɗana yana da tabo a bayan kunne, kuma ban san yaushe ya ji ciwon ba.

Mako na biyu shi ne makon shawara. Kowa ya zo da tasa. Wani baffansa ya rantse shaye-shaye ne, aka yi gwaji ba a ga komai ba, bai dai janye rantsuwar ba. Wata ta ce aljana ce take zaune cikin wayar, a kawo rubutu. Wani ya aiko da nonon raƙumi a jarka. Wata kuma ta ce a yi masa aure kawai, kamar 'yar mutane maganin gyambon ciki ce. Ina ta cewa to, to, Allah Ya saka. Duk cikinsu babu wanda ya tambayi Dikko komai, gaishe shi suke yi su juyo kaina.

Cikin makon ne Malam ya karɓi takardar likita ya tafi jami'a don a ɗaga wa Dikko ƙafa, tunda jarrabawa ta matso. Ya dawo wajen azahar. Bai shiga ɗakin marasa lafiya ba, ya zauna a bencin baranda ya cire hula ya riƙe. Ban taɓa ganin kansa babu hula a waje ba.

"Sun ce babu sunanai," in ji shi. "Zango biyu bai shiga aji ba, bai zauna jarrabawa ba. An cire shi tuni."

Na ce to ina yake zuwa kullum da jaka? Ashe shagon wani mai cajin waya yake zama a bayan tasha, daga safe har la'asar, saboda can wuta ba ta yankewa. Malam ya tashi ya shiga, ya buɗe lokar gefen gado, ya ɗauki wayar ya zura a aljihun babbar riga. Da ya koma gida ya kulle ta a akwatin littattafansa.

Washegari da hantsi ina ba shi kunu a cokali, Dikko ya juya fuska bango ya yi magana. Ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakanina da shi.

"Malama, ba daɗinta nika ji ba. Na daɗe ban ji daɗinta ba. In na ce bari in duba abu guda, sai in ga rana ta hwaɗi. In na aje ta kuma, Inna nika tunawa, sai in ji ɗakin ya yi mani shiru da yawa."

Na buɗe baki in ce masa ga ni, ai ina nan. Ban san yadda ake faɗa ba. Shekara ashirin da biyu ban koya ba. Abin da ya fito shi ne, "Sha kunun kada ya huce."

Mako na uku ya fi na aman jinin wuya. Jini ya tsaya, amma yaro ya birkice. Ba ya barci, ba ya zama wuri ɗaya. Babban yatsansa yana ta goga zanen gado sama da ƙasa, shi bai ma san yana yi ba. Ya roƙi majinyacin gadon kusa ya ara masa waya minti biyar, Malam ya hana. Ya fizge allurar ruwa sau biyu. Ya ɗaga wa babansa murya a gaban jama'a, yaron da ko inuwar Malam ba ya takawa. Daga nan ya rufe baki, ya daina cin komai.

Likitar ta kira mu ni da Malam. Ta ce, "Cikin muna iya warkar da shi. Abin da ya jawo ciwon ba a ɓangarenmu yake ba." Ta rubuta takarda ta ce mu kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, akwai masu zama da irinsu suna magana da su, kuma ana dacewa. Ta ƙara da cewa in bai ci abinci ba maganin ba zai yi aiki ba, gyambon zai iya sake ɓallewa, kuma ba ta da tabbacin jikinsa zai ɗauki na biyu.

Muna fita Malam ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Yaron ga ba mahaukaci ba na. In anka gan mu a layin can, gobe gari ya ɗauka. Wa za ya nemi ƙannenai?"

Na ce, "Malam, ƙannenai suna da rai da lahiya. Wanga na a kwance."

Ya ce addu'a za a ci gaba da yi, kuma a bar shi da yunwa, in ta ci shi zai ci. Ban taɓa musu da Malam ba sai ranar, kuma ban ci nasara ba. Ba mugu ba ne, na ga idonsa. Tsoron bakin mutane ne, irin wanda ni ma na bauta wa.

Kwana huɗu Dikko bai sa komai a baki ba sai ruwa. Na yi kunun gyaɗa, na yi farfesu, Goggo Hajo ta kawo fura mai kyau, duk ya kau da kai. Leɓɓansa suka tsage. A rana ta huɗu na ga ya dafe ciki yana cije baki, irin dafewar da na san ma'anarta yanzu.

Na ce wa Goggo ta zauna da shi zan je in yi wanka. Malam yana ofis. Na san inda yake ajiye makullin akwatin, cikin aljihun tsohuwar jallabiyarsa. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa buɗe kayansa ba da izini ba. Na ɗauko wayar daga tsakanin littattafai, na tsaya wurin mai shago ya sa mata caji da data, na naɗe ta a ɗankwali na sa ƙarƙashin kular abinci. A hanya ina ta kuka cikin keke napep, mai keken yana ba ni haƙuri, ya ɗauka rasuwa aka yi mini.

Na ajiye masa ita a kan cinya. Ya dube ta, fuskarsa ta saki, ya yi murmushi. Tun da muka zo asibitin ban ga haƙoransa ba sai lokacin. Na miƙa cokali, ya buɗe baki. Na sake miƙawa, ya buɗe. Ya shanye kofin kunu tas, ya ci rabin farfesu, idonsa bai bar wayar ba ko sau ɗaya. Goggo Hajo tana ta hamdala. Ni kuwa na san abin da na yi. Da hannuna na mayar masa da abin da ya kusa kashe shi, don ban da wata hanyar da zan sa ya rayu zuwa gobe.

Da Malam ya zo da yamma ya gani, ya dube ni, ya dubi kofin da babu komai a ciki. Bai yi faɗa ba. Ya samu wuri ya zauna, kuma har yau bai tayar da maganar ba.

Bayan kwana shida aka sallame mu, da ledar magani da jerin abin da ba zai ci ba. A takarda an rubuta ya samu sauƙi. Jami'a ta tafi. Takardar likitan ƙwaƙwalwa tana wurin Malam, duk Juma'a ina tambaya, duk Juma'a yana cewa a bari a gani.

Ga abin da zan ce wa iyaye mata, musamman masu ɗa a jami'a da suke ganin ya girma ya san ciwon kansa. In ya ce muku lafiyarsa lau, ku dubi kwanonsa. In ya nuna muku lamba a waya, ku dubi wuyansa da ƙugunsa. Ban ce a zubar da kunya ba, da ita aka raine ni. Amma waɗanda suka yaba mini a gidan biki, ko ɗaya ba ta riƙe mini tasar amai ba. In akwai tsohuwa a gidanku mai iya ƙwace waya ta rufe a kwano, ku riƙe ta da kyau. In ta rasu, wata ta karɓi aikin tun kafin a share makoki.

Yanzu kullum in na dawo daga makaranta ɗakin zaure nake wucewa. Na cire bargon taga, na sa kujera 'yar tsugune a gefen katifa. Maƙwabta suna gani, na san ana magana, ban damu ba. Ina ba shi magani, ina ba shi abinci a baki, yana karɓa. Ina ba shi labarin ɗalibaina, da na ranar da aka haife shi, abubuwan da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wani lokaci yakan ce "uhm".

Jiya na shiga bayan azahar. Na ba shi shinkafa ya ci, na share ɗakin, na ninke kayansa, na zauna ina ta magana har aka kira la'asar. Sai cajin wayar ya ƙare. Ya ɗago kai yana laluben waya a gefen katifa, idonsa ya faɗo kaina, ya ɗan firgita.

"A'a, Malama. Yaushe kinka shigo?"